Damin Karatun Gidanmu

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun liƙa sunayen a bangon firamaren Balan, inda suke liƙawa duk shekara. Da ƙafata na je, ban aiki kowa ba. Mutum shida ne bana. Na huɗu, na gidanmu, ya ce: "Gidan Malam Barau, Halima Sadiya Shehu." Sau uku na karanta, wai ko harufan za su ji kunyata su canza.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada wata rana in ce mafarki na yi. A garinmu akwai Damin Karatu. Duk kaka kowane magidanci yana kai dami ɗaya na gero ko dawa rumbun ƙungiya, a sayar, a ɗauki nauyin yaran da suka samu karatun gaba da sakandare. Dokar guda ɗaya ce: gida ɗaya, ɗalibi ɗaya. Ni da Sadiya, 'yar marigayi Baffa ƙanin Baba, duk mun samu makarantar koyon aikin ungozoma a Kano. Na fi ta maki, ba da kaɗan ba ma. Abin da Baba yake nomawa kuwa na ci ne kawai, ba ya tura ko mutum ɗaya Kano. An ba mu zuwa 25 ga Nuwamba mu yi rijista, in ba haka ba a ba wasu gurbin.

Da na dawo na tarar Sadiya tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago da gari har a gira, ta ce, "Yaya, kin gani?" Na ce na gani, Allah ya sanya alheri.

Ba hassada nake yi ba.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan asuba

Ɗaki ɗaya muke kwana. Har da minshari ta yi, mai sa'a.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Na je wajen Malam Mudassir, sakataren ƙungiya, wanda ya koyar da ni a aji shida. Na ce, "Malam, kuskure aka yi ko?" Ya daɗe yana gyara takardun da ba su hargitse ba, sannan ya ce ba kuskure.

Wai kwamiti ya ga makinmu, ya kira Baba. Alhaji Gwadabe, shugaban ƙungiya, ya ce masa, "Malam Barau, yara biyu sun ci a gidanka. Wa za mu rubuta?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai 'ya ɗaya gare ni a nan, 'yar Shehu." Aka ce to ɗayar fa? Ya ce, "Waccan ba a maganarta." Sai dattawa suka hau madalla, madalla, wannan ita ce kara, Allah ya bar zumunci.

Malam ya ce, "Bara'atu, ke 'yar fari ce. Ta yaya mutum zai buɗi baki a gaban manya ya ce a ba 'yarsa ta fari, a bar marainiyar ƙaninsa?"

Na ce, "Malam, a takardar jarrabawar da muka yi ban ga inda aka ce a rubuta kara ba."

Ya yi dariya, ya ce bakina har yanzu bai mutu ba. Ni ban ga abin dariya ba.

Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Da abin har daɗi yake min, don kowa ya san wanda ake jin kunyar sunansa shi ne a can cikin rai. Yau na ga kuɗin wannan daɗin.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Na ce, "Inna, ki yi masa magana mana."

Ta zaro ido. "Ni? A kanki? So kike a yi da ni a Balan, a ce Gaji ta tsaya tana wa 'yar fari faɗan karatu?"

Da aka sauke abinci sai na tsinci tsoka biyu a ƙasan tuwona. Iyakar faɗan da za ta iya yi min ke nan. Na cinye, amma tsoka ba ta yin rijista.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Gidan nan ya zama kasuwa. Kowace mata da guntun abinta, wannan sabulu, waccan kuka, wata ma bokiti. "Ina amaryar karatu?" Ita kuwa sai sunkuyar da kai take tana murmushin nan nata na mutanen kirki. Ni ce mai shimfiɗa tabarma, ni ce mai kawo ruwa.

Wanda ya fi ƙona min rai zuwan Malama Kulu ne. Ita ce ta farko da Damin Karatu ya tura, yau shekara tara tana karɓar haihuwa a ɗan asibitin garinmu. Kafin ita, mace in haihuwa ta zo da gardama sai a ɗora ta a bayan mashin zuwa Gaya, wata ta kai, wata ba ta kai ba. Ranar da Inna ta haifi autarmu jini ya ƙi tsayawa, ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da fitila na ga yadda hannun Malama Kulu yake aiki, ko gezau. Tun ranar na san abin da zan zama. Ita kanta ta sani, don sau nawa nake zuwa in share mata asibiti ranar Asabar?

To yau ta ciro agogon nan nata da ake maƙalawa a ƙirji, ta maƙala wa Sadiya. Ta juyo ta dafa ni ta ce, "Ke kuma baɗi, in sha Allahu." Baɗin me? Ta manta dokar ne? Sai ɗalibin gida ya gama ake ɗaukar wani, shekara uku ke nan.

Kuma abin haushin, ɗinki Sadiya take so. Ni na matsa mata, ni na cike mata fom da hannuna, don kada in tafi Kano ni kaɗai. Allah na tuba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Yau aka yi sussukar geron ƙungiya, mata duk muka fita. Hannuna har ya yi kanta. Ina daka ina tunanin ashe mutum yana iya daka wa wani karatu. Ita an ce ta huta, kada ta ji ciwo tafiya ta kusa.

Ba hassada ba ce. Lissafi ne kawai, kuma bai fita ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Umman Toranke, mahaifiyar Sadiya, ta aiko mata da sauran takardunta daga can Toranke, ta ƙaramar hukumar Ajingi. A Toranke aka haife ta lokacin da Umman ta je goyon ciki, kuma da Baffa ya rasu sai suka koma can da zama, sai da ta shekara goma sha biyu Baba ya ɗauko ta. Sadiya ta zube min takardun a cinya ta ce, "Yaya, ke kika iya tsari, jera min su."

Na jera. Ta haihuwa, ta firamare, ta sakandare. Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma. An rubuta Ajingi, ba Gaya irin tamu ba, ɓaro-ɓaro, ga hatimi.

A saman fom ɗin ƙungiya kuwa cewa aka yi, "Domin 'ya'yan Balan."

Na sa mata a fayil na ba ta. Ta ce Allah ya bar mata ni.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Na sayi takarda falle ɗaya da ambulan. Mai shago bai tambaye ni ba.

Lahadi, bayan azahar

Ashe rubutu da hannun hagu wahala gare shi haka.

Litinin, 28 ga Oktoba, da sassafe

Na bi ta firamare a hanyar ɗebo ruwa. Ƙarƙashin ƙofar ofishin ƙungiya da ke can akwai 'yar tazara, ban taɓa lura ba sai yau.

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wanda duk ya ga ƙarya ya nuna min. Baba ba zai yi magana a kaina ba, Inna ba za ta yi ba, to wa ya rage?

Talata, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Shiru. Na fasa kofin shayin Baba, na ce kaza ce.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

An sa alƙalami an zagaye suna na huɗu a bango, an rubuta "sai an bincika" a gefe. Gari ya ɗauka cewa wani marar tsoron Allah ya jefa wa kwamiti takarda ba suna, wai Sadiya ba 'yar Balan ba ce.

Ta shigo ɗaki ta faɗa a cinyata. "Yaya, wa na yi wa laifi a garin nan? A nan fa aka binne ubana." Na riƙa shafa kanta ina cewa ta yi haƙuri, Allah yana nan. Hawayenta ya jiƙa min zani har ciki. Da ta ƙi yin shiru sai na ce ta zauna in tsefe mata kai, na yi mata kitso, shuku, mai kyau kuwa.

Ko kuka take yi kyau yake mata. Ni in na yi kuka hancina ne yake kumbura.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Matan da suka zo murna sun dawo jaje. Kowacce sai ta tsine wa mai takarda kafin ta tashi, ni kuma ina bakin ƙofa ina cewa amin. Baba ya kira ta zaure, da sunanta, ya ce, "Sadiya, muddin ina raye ba mai fitar da ke daga gidan ubanki." Ina jin su ta taga.

Na zaci in aka cire ta zan ji sanyi. To ba a ma cire ta ba tukuna, kuma yanzu an fi son ta.

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Yau kwamiti zai zauna. Tun safe nake ta leƙa ƙofar gida.

Talata, bayan azahar

Baba ya dawo da wuri, ba hula a kansa. Ya wuce ni a tsakar gida kamar ya wuce turmi. Bai ci abinci ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Malam Mudassir ya aiko in je. Ya rufe ƙofar ofis, ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ce, "Karanta min layi na uku."

Na ce rubutun ba ya karantuwa.

Ya ce, "Ni na koya miki karatu. Karanta."

Na karanta. "Duk da cewa 'yar marigayi Baffa ce, a Toranke aka haife ta."

Ya ce, "Duk Balan, babba da yaro, Shehu Mai Inji muke ce masa, saboda injin niƙansa. Wa yake ce masa Baffa? 'Ya'yan wansa. Ƙannenki kuwa babbansu yana aji uku."

Wayyo ni. Na sauya hannu, na sauya takarda, na karkata harufa, amma ban iya rubuta sunan ƙanin ubana gatsau ba. Ko a raina ban taɓa kiran sa da suna ba, to ta ina hannu zai sani? Sau biyar na duba takardar nan kafin in liƙe ambulan, ban ga kalmar ba.

Malam ya ce shi ma bai lura ba sai da yake karantawa da ƙarfi a gaban dattawa. Yana zuwa kan kalmar wurin ya yi tsit. Baba ya miƙe ya fita, ya bar hularsa a kan tabarma. Ga ta nan ma, in kai masa.

Hukuncinsu kuwa ko minti biyar bai ɗauka ba. Alhaji Gwadabe ya ce Baffa ya kawo daminsa duk shekara har ya koma ga Allah, don haka 'yarsa 'yar Balan ce ko a Makka aka haife ta. An mayar da sunanta.

Na ce, "Malam, na fi ta maki fa."

Ya ce, "Na sani." Da ya zage ni da ya fi min.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da safe

Hular tana ƙarƙashin katifata. Ban san da wane hannu zan miƙa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Sadiya ta ji. Maganar da dattawa goma sha biyu suka ji ai ta shiga kowane gida. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta ko kalle ni ba. Ta zauna a bakin gado ta tsefe kitson da na yi mata tas, ta ɗaura ɗankwali.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Ta tafi Toranke. Da safe ta durƙusa wa Baba, na ji yana cewa a'a, a'a, tana cewa ya yi mata afuwa. Kafin ta hau mashin ta biya ta ofis ta ba Malam takarda da sunanta da sa hannunta, cewa ta janye. Wai ba za ta ci geron da ake gardama a kansa ba, kuma yayarta ta fi ta maki, a ba yayarta.

Ta bar min agogon Malama Kulu a kan filo.

Yanzu duk Balan zancenta ake yi, yarinya mai zuciyar manya, 'yar halak, ta gado ubanta. Ni kuwa na je rijiya mata suka yi shiru gaba ɗaya, har guga aka daina ja. Ko a nan ma ta fi ni. Ta samu abin ta fi ni, ta bar shi ta fi ni. Ina ne zan tsaya in fi ta?

Hassada ce. Na rubuta, ga shi nan. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan Baba ya zaunar da ita kusa da shi yana kiran sunanta nake yin ta.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan magariba

Inna ta sauke abinci. Na duba ƙasan tuwo, tuwo ne har ƙasa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwamiti ya sake zama. Ƙanwar Malam Mudassir ce ta ba ni labari. Wasu sun ce a soke gurbin gidanmu gaba ɗaya, ba a saka wa mai mugun hali da karatu. Alhaji Gwadabe ya ce shi ma ransa ya ɓaci, amma geron nan mutane ba don ladabi suka ba da shi ba, don matansu su haihu lafiya suka bayar. Kulu ita kaɗai ce, ran da ta kwanta ciwo wa za a kira? Ya ce gurbin na gidan Malam Barau ne, shi zai faɗi suna ko ya ce a soke.

Ina ninke wanki sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Baba ne. Bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakina ba.

Ya ce, "Bara'atu."

Shekara goma sha tara ina so in ji yadda sunan zai fito a bakinsa.

Ya ce, "Sun ce in faɗi suna, na faɗa. An rubuta ki. Tunda kin nuna ba kya jin kunyata, ni ma na daina jin taki." Ya juya ya tafi.

Na zauna a kan wankin na yi kuka har hancin ya kumbura.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Sau huɗu Baba ya kira sunana yau. Bara'atu kawo buta, Bara'atu rufe akuya. Yadda yake kiran 'yar maƙwabta.

Na jira bakina ya ce na fasa, a mayar mata. Na je har ƙofar ofis don in faɗa. Na tsaya, na gaishe da Malam, na karɓi takardar ƙungiya ta zuwa makaranta, na dawo. Zan tafi. Wannan ma gara in rubuta shi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan la'asar

Labari daga Toranke. Da mutanen can suka ji an ce jikarsu ba 'yar ko'ina ba ce, sai mai unguwarsu ya tara su bayan sallar Juma'a. Su ba su da Damin Karatu, ba su taɓa yi ba. Wannan ya kawo kwanon gyaɗa, wancan riɗi, matan ma suka haɗa nasu. Sun tara na shekarar farko, kuma sun ce daga bana su ma sun fara ke nan, baɗi za su tura wasu.

Na ji daɗi, Allah ya sani na ji. Amma ita gari guda ne ya tashi ya kira sunanta. Ni ta ƙarƙashin ƙofa na shiga.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan azahar, a ɗakin kwanan ɗalibai

Mun iso Kano. A tashar Gaya muka haɗu da Sadiya da safe, don ita ma ta nan ta biyo. Mutanen Toranke sun cika mota guda sun rako ta, har da masu guɗa. Ni Inna ce ta rako ni, sai Baba da ya ɗauko min jaka a mashin. Yana sauke jakar ya tsallaka wajensu. Na ga ta durƙusa, na ga ya daɗe yana sa mata albarka. Inna ta damƙa min ƙullin yaji ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Ki riƙe musu amanar geronsu."

Mota ɗaya ce mai lodi, wuri biyu ya rage a baya. Direban ya dube ni ya dube ta, ya ce, "Kai, kamar an tsaga kara! Ku 'yan gida ɗaya ne ko? Ku shiga ku zauna tare."

Na buɗe baki zan ce e.

Ta ce, "A'a Malam, ni 'yar Toranke ce." Ta roƙi wata tsohuwa suka yi musayar wuri, ta koma gaba.

Har muka wuce Wudil ƙeyarta nake kallo.